Wai da hoge ake sayar da gona a tsohuwar Ingila?

Ɗalibar Lauya: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu tarihi ku kawo min ɗauki, jarabawar dokar filaye ta matso kuma kaina ya ɗau zafi. Malaminmu ya ce a Ingila ta da, wajen shekara 700 zuwa 800 da suka wuce, babu mai mallakar ƙasa sai sarki, kowa riƙo yake yi. To abin da ya ɗaure min kai, in ba taka ba ce ta yaya za ka sayar? Kuma wai in za a sayar ɗin sai an taka har gonar an ɗebo hoge an danƙa wa mai saye a hannu, takarda ba ita ce cinikin ba. Da gaske ne ko dai malam barkwanci yake mana?

Dillalin Filaye: hhh hoge kuma? to mu dillalai ina la'adarmu a cikin hoge

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminku bai yi barkwanci ba, haka abin yake. Daga 1066 za ki ɗauko zaren, shekarar da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi. Da ya ci sai ya ce ƙasar duk tasa ce tunda takobinsa ya ba shi, ya yanyanka ya raba wa manyan yaransa da manyan coci, da sharaɗin duk ranar da ya buga tambarin yaƙi kowa zai kawo masa barade adadi kaza, kowane barde da dokinsa da sulkensa, a al'ada kwana 40 a shekara. Su ma manyan ba su da baraden a aljihu, sai su ƙara yanka wa na ƙasa da su a kan sharaɗi irin wannan, a haka a haka har abin ya zama tsani, kowa akwai ubangida a samansa sai sarki kaɗai. A 1086 ma ya tura aka bi ƙasar gari gari aka rubuta wa ke riƙe da me, garma nawa, injin niƙa nawa, shi ne littafin Domesday, yana nan a adane har yau.

Abin da nake so ki riƙe shi ne gonar ba ita kaɗai take tafiya ba, da caffa a manne da ita. Mutum zai durƙusa ba makami, ya sa hannayensa biyu cikin hannayen ubangida ya ce daga yau na zama mutuminka, ya kuma yi rantsuwar amana. Saboda haka in ka ce za ka sayar, ba turɓaya kaɗai ka sayar ba, ka sauya wa ubangidanka bara ne. Shi ya sa yake da baki a maganar.

Ɗalibar Lauya: Caffa! wlh Malam da wannan kalmar aka ce min tun a aji da tuni na gane. To hogen fa?

Malamin Tarihi: Hogen shi ne miƙa riƙo. Suna da wata kalma, sizin, ma'anarta kusan a ce zama daram a kan ƙasar a idon jama'a. Mai bayarwa da mai karɓa su je kan gonar da shaidu, a yanko ƙasa da ciyawarta ko a karyo reshe, in gida ne a kama ƙarfen ƙofa, ya miƙa masa ya furta cewa na ba ka kai da magadanka, sannan ya fice ya bar masa wurin. In an rubuta takarda to tuni ce kawai ta abin da ya riga ya faru. Ka rubuta takarda mai hatimi goma ba a je an miƙa ba, babu abin da ya motsa. Sai 1677 doka ta wajabta rubutu, shi kuwa hogen bai mutu murus a doka ba sai 1925.

Baba Manomi: To ai wannan ba baƙon abu ba ne yara. Mu da muka tashi a ƙauye haka muka ga iyayenmu na yi, in za a sayar da gona sai mai unguwa ya zo, maƙwabtan gona ta gabas da ta yamma su zo, a zaga iyaka da ƙafa, a nuna gamba a nuna bi-ni-da-zugu, a raba goro a shafa fatiha shi ke nan. Wa ya san wata takarda. Gonar mahaifina ta bakin fadama an taɓa tayar mana da rigima a kanta bayan rasuwarsa, abin da ya cece mu wani tsoho ne da ya ce yana yaro shi ya riƙe wa mai unguwa jaki ranar da aka zaga iyakar, ya kai mu har gindin kukar da aka tsaya.

Ɗan Damagaram: Baba wannan tsohon ya yi sa'a jaki kawai ya riƙe. A tsohuwar dokar Faransawan farko na bakin kogin Rayin, tun kafin zamanin da Malam ke magana, an rubuta cewa mai sayen ƙasa ya zo da yara wurin cinikin, ya mammare su ya murɗe musu kunne, don ko sun tsufa ba za su manta ranar ba su ba da shaida

Uwar Biyu: Innalillahi. Ɗan wani za a mara don wani ya sayi gona? da ni ce uwar yaron da cinikin nan bai faɗa ba

Dillalin Filaye: Hajiya ai rijistar kenan, kunnen yaro shi ne satifiket hhhh

Barista: Sannunku. Na ga an yi nisa amma ba a taɓo inda jarabawar za ta fito ba, ƙanwata buɗe kunnenki. Hanyar rabuwa da ƙasa biyu ce a wancan tsarin. Ta farko ka cire kanka daga tsanin mai saye ya hau matakinka, ya zama shi ne baran ubangidanka kai tsaye, wannan kam da wuya a yi ta ba da yardar ubangida ba. Ta biyu kuma ka zauna a inda kake ka ƙirƙiro sabon mataki a ƙarƙashinka, wato mai sayen ya zama baranka kai. Mutane sun fi son ta biyun, kuma nan ne aka riƙa yi wa iyayen gida sakiyar da ba ruwa.

Ga yadda ake yi. Ni ina riƙe da gari guda a hannun Malamin Tarihi. Sai na karɓi maƙudan kuɗi a hannun Dillali na ba shi garin, muka rubuta cewa abin da zai riƙa ba ni duk shekara furen wardi ɗaya ne ko 'yar barkono awo guda. Kuɗina na soke a aljihu. Ran da na mutu na bar ɗa ƙarami, a ƙa'ida Malam ne zai riƙe yaron da ƙasar ya ci amfaninta har yaron ya kai 21. To ya zo karɓa, me zai tarar? Fure ɗaya a shekara. Garin yana hannun Dillali kuma Dillali ba baransa ba ne. Haka in na mutu ba magaji, abin da zai koma wa Malam furen ne ba garin ba.

Malamin Tarihi: Allah ya isa tsakanina da kai Barista hhh. Amma ka kawo shi daidai. Ku lura a lokacin nan maganar kawo barde ta riga ta fara zama tarihi, an koma biyan kuɗi a madadinta kuma darajar kuɗin na ta zaizayewa. Romon da ya rage wa ubangida shi ne waɗannan abubuwan da ke faɗowa in an yi mutuwa: kuɗin karɓar gado, riƙon maraya, aurar da magaji, da komawar ƙasa in zuriya ta ƙare ko mutum ya yi babban laifi. Duk rigimar a kansu take.

Barista: Yawwa. Shi ya sa tun a Magna Carta, wato yarjejeniyar sarki da manyan ƙasa, da aka sake fitarwa a 1217 aka sa cewa kada ɗa, wato mai 'yanci, ya bayar ko ya sayar da ƙasarsa har abin da ya rage ya kasa ɗaukar hidimar ubangida. Bai yi maganin abin ba. Sai 1290 zamanin Edwad na ɗaya aka yi dokar da ake kira Quia Emptores, sunan kalmomi biyun farko ne na dokar a Latin. Ta ce daga yau duk ɗa yana iya sayar da ƙasarsa ko wani yanki nata yadda ya ga dama ba sai ya nemi izini ba, amma mai saye zai hau matakin mai sayarwa ne, ya yi wa ubangidan sama hidimar da ake yi, in rabi ya saya ya ɗauki rabin hidimar. Ƙirƙiro sabon mataki a irin wannan cinikin an rufe ƙofarsa. Kin ga ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda aka yi, manya sun tsira da romonsu, masu riƙo sun samu 'yancin sayarwa. Amma fa sarki bai sa kansa a ciki ba, waɗanda ke riƙe kai tsaye daga hannunsa dole sai da lasisinsa, sai a 1327 aka sassauta aka ce wanda ya sayar ba izini tara zai biya ba ƙwace za a yi ba.

Sarkin Gardama: Ni fa duk surutun nan da kuke ban ga bambancinsa da abin da muke ciki ba. Cire sarki ka sa gwamna. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ba cewa ta yi ƙasar jiha duk tana hannun gwamna ba? Kai da gidanka da guminka a ba ka takardar zama ta shekara 99, in za ka sayar ko ka jinginar a banki sai ka nemi amincewarsa. Su turawan tun 1290 suka yar da neman izini mu kuma muka tsince shi muka rungume. Wa ya ci gaba wa ya ci baya?

Barista: Kamar da wasa ka faɗi rabin gaskiya. Sashe na 22 yana nan, kuma kotun ƙoli a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989 ta ce jinginar da aka yi ba amincewar gwamna ba ta da inganci. Amma kada ka haɗa su gaba ɗaya. Sashe na 1 cewa ya yi gwamna amana yake riƙewa don amfanin 'yan ƙasa, ba ka yi masa caffa ba, ba ka bin sa yaƙi, in ka mutu ba ya ɗauke 'yarka ya aurar wa wanda ya fi biya.

Sarkin Gardama: Amana a takarda. Je ka nemi amincewar ka ga wata nawa fayil zai yi yana barci a kan tebur

Malamin Tarihi: Ni inda na ga kamar ta fi fitowa ba a 1978 ba ne. Lugga da ya shiga Sakkwato a Maris 1903 abin da ya faɗa wa manyan gari shi ne ikon da aka samu da yaƙi yanzu ya koma hannun Ingila da yaƙi, har da iko a kan ƙasa. Hujjar Wiliyam ce sak bayan shekara 837. Daga nan aka yi dokar 1910 da ta sa ƙasar Arewa ƙarƙashin gwamna, ta zama dokar 1962, ita kuma ta 1978 ta kwaso da yawa daga can. Amma tsarin hakimanmu na da kada a ce shi ne na Ingila. Hakimi yana zaune a birni garuruwansa a warwatse jakada na karɓo masa haraji, sai dai sarautar ce ke ɗauke da garuruwan, in an tuɓe shi sun tafi, ba ya sayar da su, kuma gonar talaka ta gado tana hannun talaka.

Sarkin Gardama: To na ji. Amma duk labarin manya kuke bayarwa, barade da masu garuruwa. Shi wanda ke riƙe da fartanya fa?

Malamin Tarihi: Tambaya mai kyau, kuma su ne suka fi yawa. Kaso mai yawa na manoman ba 'ya'ya ba ne a idon doka, ba kuma bayi ne irin na kasuwa ba, a ɗaure suke da gandun ubangida, suna masa aiki kwanaki a mako, ba sa barin gari sai da izini. Dokar 1290 ba ta san da zamansu ba, kotun sarki ma ba ta sauraron ƙararsu a kan gona in da ubangidansu suke yi. In irin wannan zai ba wani gonarsa sai ya je kotun gandu ya mayar wa ubangida ita, yawanci da sanda ake yi, ya miƙa wa wakili sanda, wakili ya miƙa wa sabon mai shiga, a biya kuɗin shiga a rubuta a kundin kotu. In ya mutu kuma ubangida ya zo ya zaɓi dabbar da ta fi kyau a garken ya tafi da ita. Daga baya kwafin wancan kundin ya zama shi ne hujjar mutum, kuma irin wannan riƙon bai ƙare ba sai farkon 1926.

Baba Manomi: A yi maka mutuwa kuma a kore maka sa. Allah ya kyauta

Uwar Biyu: Ni maganar aurar da magaji ce ta tsaya min a rai. Barista da gaske kake ko zolayar Sarkin Gardama kake? Kuma matar mamacin ina aka baro ta?

Barista: Da gaske nake Hajiya. Auren magaji haja ce, ubangida yana sayar da shi, wani ma ya sayi riƙon marayan don ya aura masa 'yarsa ƙasar ta shigo gidansa. Sarki Jon ya wuce gona da iri a irin wannan tatsar, har da zawarawa masu ƙasa sai sun biya shi kafin ya ƙyale su su zauna ba aure, yana cikin abin da ya sa manya suka tasa shi gaba a 1215. Shi ya sa a Magna Carta za ki ga an yanka farashi ƙarara, magajin babban basarake fam 100, magajin barde sule 100 wato fam 5. Aka ce bazawara a ba ta haƙƙinta ba ta biya komai ba, ta zauna gidan mijin kwana 40, kuma ba a tilasta mata aure, sai dai in za ta yi ta nemi yardar ubangida. Haƙƙin nata sulusin ƙasar mijin ne, amma ci kawai za ta yi iya rayuwarta, in ta mutu ya koma wa magaji.

Ustaz Na Layi: A nan ne za ku ga falalar rabon gado na Musulunci. Tumunin da mace ke samu in akwai 'ya'ya ya fi sulusi ƙanƙanta a lissafi amma nata ne halak malak, ta sayar ta bayar 'yan'uwanta su gada. Su kuma fa na ji an ce babban ɗa ke kwashe komai?

Malamin Tarihi: Haka ne Ustaz, a ƙasar barade babban ɗa namiji ke ɗauka duka, don ubangida ba ya son a yanka gonar gunduwa gunduwa har a rasa wanda zai iya sayen doki. In babu namiji sai 'ya'ya mata su raba daidai. Amma ba ko'ina ba, a yankin Kent 'ya'ya maza raba daidai suke yi, wasu garuruwan kuma ɗan auta ne ke gajewa. Kuma wasiyya ba ta aiki a kan ƙasar barade sam, ba ka isa ka ce na bar wa wane ba.

Ɗan Damagaram: A wajen Faransa akwai wani abu da na ga ya yi kama da shuf'a. In mutum ya sayar da ƙasar gado ga bare, danginsa na da dama cikin shekara ɗaya da kwana ɗaya su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓe abinsu. Ustaz ko na yi kuskure?

Ustaz Na Layi: Kamar akwai, amma a Malikiyya shuf'a ta abokin tarayya ce a abin da ba a raba ba, ba don dangantaka kaɗai ba. In an riga an raba an kafa iyaka ta faɗi.

Dillalin Filaye: wannan da a ce tana aiki a nan da rabin cinikin da na yi bana ya warware

Ɗalibar Lauya: Na gode ƙwarai iyayena, ina ta kwafa. Saura abu ɗaya, mene ne mataccen hannu? na gan shi a takardun shekarun baya

Barista: Coci ce. Ki tuna romon ubangida duk a mutuwa yake. To gidan ibada ba ya mutuwa, ba ya barin maraya, ba ya aure. Ƙasa in ta shiga can ta shiga kenan, kamar hannun gawa ya damƙe ta. Har dabara ake yi mutum ya ba coci gonarsa sannan ya karɓo ta a matsayin baran coci don ya zille wa ubangidansa. Edwad ɗin nan dai shi ya yi doka a 1279 ya ce ba a ƙara ba su ƙasa, wanda ya yi ubangida ya ƙwace, amma a aikace sai abin ya koma sayen lasisi a wurin sarki, wata hanyar kuɗin shiga ta buɗe.

Ustaz Na Layi: Wato dai wakafi suke tsoro

Barista: Kusan haka Ustaz. Kuma lauyoyi ba su zauna ba, mu ai ba ma rasa ƙofa. Tunda wasiyya ba ta aiki, sai mutum tun yana raye ya miƙa ƙasarsa ga amintattunsa su huɗu ko biyar, da hoge da komai, a kan su riƙe don amfaninsa, bayan ransa kuma don amfanin wanda ya ambata. A idon doka su ne masu riƙo, kuma ba sa mutuwa rana ɗaya, in ɗaya ya faɗi a cike gurbinsa. Babu kuɗin gado babu riƙon maraya. Henri na takwas ya ga baitulmalinsa na yoyo ya toshe da doka a 1536, masu ƙasa suka yi ca, dole a 1540 ya yarda a riƙa wasiyya da ƙasa, kashi biyu cikin uku in ta barade ce. Riƙon barade gaba ɗaya an soke shi a 1660.

Sarkin Gardama: Ka ga ni ba. Yau ma wa ke zuwa neman amincewar gwamna? Takardar wakilci ake rubutawa a wuce wurin, fili ya zaga hannu biyar sunan mutumin farko na kan satifiket. Barista ka rantse ba ka taɓa rubuta irinta ba

Barista: Ba zan rantse a gaban ɗaliba ba. Ƙanwata ke dai in an tambaye ki, 1279 mataccen hannu, 1290 hana sabon mataki, kada ki juya su, kuma akwai ta 1285 a tsakiya wadda ta ba mutum damar ɗaure ƙasa a zuriya ta yadda magaji ba ya iya sayarwa, ita ma suna son tambayarta.

Dillalin Filaye: Ni tambayata ta farko har yanzu ba wanda ya amsa, ina la'ada

Baba Manomi: Ɗana je ka tsaya a layin yaran, a murɗe maka kunne